Zabiyar Fure da Amanar Suna

 

Shimfiɗa

'Yan'uwa masu karatu, a cikin tsirran da masu sha'awar furanni suke raino a duniya akwai wani babban dangi da ake kira okid, kuma a cikin wannan dangi akwai wani gida wanda furensa yake da wata jaka a gaba mai kama da takalmi sau-ciki. Saboda wannan jaka ne ake kiransa okid mai takalmi. A cikin wannan gida kuma, jefi-jefi akan sami tsiro guda a cikin dubbai wanda furensa zai fito babu ja, babu shunayya, babu ruwan ƙasa, sai fari da kore, ko kuma rawaya tsantsa. Irin wannan shi ne zabiya a wurin masu wannan harka, kuma shi ne suke rububi a kansa.

Abin da na fahimta bayan na zauna da masu rainonsa, na kuma yi renon ƙwaya ɗaya da hannuna, shi ne cewa darajar wannan fure ba ta tsayawa da ƙafarta sai da wani ɗan guntun roba da ake sokewa a gefen tukunya, wanda aka rubuta sunan tsiron da na iyayensa a jiki. Idan rubutun nan gaskiya ne, mai saye ya tsira, mai haɗa iri ya tsira, dutsen da kakannin furen suka fito ma ya tsira. Idan kuwa ƙarya ne, duk su ukun sun yi asara.

Asalinsa da yanayin halittarsa

Sunan da masana tsirrai suka ba wa wannan gida na nahiyar Asiya shi ne Paphiopedilum, kuma wani Bajamushe mai suna Ernst Pfitzer ne ya raɗa shi a shekarar 1886, ya haɗa sunan garin Paphos na tsibirin Ƙubrus da kalmar Girkanci mai ma'anar takalmi. Yana da nau'i sama da 80, waɗanda suke tsirowa daga Indiya da kudancin ƙasar Sin, su bi ta Biyetnam da Tailan da Maleshiya da Indunusiya da Filifin, har tsibiran Sulaimanu. Yana da 'yan'uwa a Kudancin Amurka da ake kira Phragmipedium, da wasu a ƙasashen sanyi da ake kira Cypripedium. A nahiyarmu ta Afirka babu ko ɗaya daga cikinsu da yake tsirowa a daji.

Jakar nan da ta jawo masa suna tarko ce. Furen ba ya ba ƙwari zuma, yaudararsu yake yi da launi da ƙamshi. Wasu nau'o'in suna da ɗigo-ɗigo masu kama da 'yan ƙwarin da suke tsotsar ganye, sai wani irin ƙuda da yake neman inda zai zuba ƙwansa ya sauka, santsi ya kwashe shi ya faɗa cikin jakar. Hanyar fita ɗaya ce, ta baya, kuma matsattsiya ce, saboda haka dole ya goga jikinsa da ɓangaren mace na furen, sannan ya ɗebi garin ɓangaren namiji a bayansa ya kai wa wani furen. Mai karatu zai lura cewa launi shi ne jarin wannan fure a daji, don haka wanda ya rasa launi ya rasa babban abin da zai jawo masa ƙwaro. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa zabiya take da wuyar samu a can.

Me ake nufi da zabiya a fure?

Mu da muka tashi da yakuwa a bayan gida ba za mu sha wuyar gane wannan ba. Jan da ke jikin zoɓo wani sinadari ne da ake kira antosayanin, kuma kowa ya san akwai farin zoɓo wanda ba shi da wannan ja, amma ganyensa kore shar, yana girma lafiya lau. To, sinadarin nan dai shi ne yake ba okid mai takalmi ja da shunayya da ruwan ƙasa. Idan tsiro ya kasa haɗa shi, sai launukan da suke ƙarƙashi su bayyana, wato kore da rawaya da fari.

Ya kamata a bambanta wannan da tsiron da ya rasa korensa baki ɗaya. Manomi yakan ga ɗan tsiron masara ya fito fari fat a cikin kunya, bayan 'yan kwanaki ya mutu, domin kuwa da koren ganye tsiro yake dafa abincinsa daga hasken rana. Haka kuma ya bambanta da zabiyar ɗan Adam, wadda sinadarin da ya yi mata ƙaranci wani ne daban mai suna melanin. Abin da ya haɗa su shi ne hanyar gado: sifa ce mai ɓuya, ba ta bayyana sai an gaje ta daga uwa da uba gaba ɗaya. Idan aka haɗa tsirrai biyu masu launi waɗanda kowannensu yake ɗauke da ita a ɓoye, ana sa ran ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu ya fito zabiya, bisa ƙa'idar da Mendel ya gano.

Sai dai akwai wani abin mamaki. Wani lokaci akan haɗa zabiya da zabiya, a jira shekaru, 'ya'yan su fito da launi gaba ɗayansu. Wani Bature ɗan Ingila mai suna C. C. Hurst ya yi nazarin wannan al'amari a jikin okid a farkon ƙarni na 20. Bayaninsa kuwa shi ne, haɗa launi aiki ne mai matakai, kuma ba lallai ne zabiyoyin biyu su zama a mataki ɗaya suka samu tangarɗa ba. Misalinsa kamar marina biyu ne, ɗaya yana da baba ba shi da toka, ɗaya yana da toka ba shi da baba. Kowannensu shi kaɗai zanensa fari zai tashi, amma ranar da suka haɗa kayansu a karofi ɗaya sai shuni ya kama. Saboda haka ganin furen da ido bai isa ya gaya wa mai haɗa iri abin da zai haifa ba, sai ya san daga wane gida zabiyar ta fito. A nan ne suna ya fara zama jari.

Shekarun jira

Ƙwayar irin okid kamar ƙura take, kuma ba ta ɗauke da guzurin abinci irin na gero ko wake. A daji ba ta tsirowa sai wani nau'in fumfuna ya shiga jikinta ya ciyar da ita, abin da Bafaranshe Noël Bernard ya gano a shekarar 1899. A 1922 ne Lewis Knudson na jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa za a iya tsirar da ita a cikin kwalba a kan wani daskararren abinci mai sukari da gishirin ma'adinai, ba tare da fumfunar ba. Tun daga nan rainon okid daga iri ya zama sana'a.

Duk da haka, sana'a ce ta mai dogon haƙuri. Bayan an yi wa fure barbara da ɗan tsinke, kwanson irin yakan ɗauki watanni da yawa kafin ya nuna. Daga nan 'yan tsirran su yi kamar shekara a kwalba, sannan a fito da su tukunya. Kafin a ga furen farko an yi shekara uku zuwa biyar, wasu manyan nau'o'in ma sun fi haka. Bugu da ƙari, zabiya sau da yawa ta fi 'yan'uwanta rauni da jinkirin girma, domin don a riƙe sifar akan yi ta haɗa ta da kanta ko da 'yan ɗakinsu.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanci wannan gida. Wasu okid ɗin ana iya yankar ɗan tsokar jikinsu a ɗakin gwaji a fitar da dubban kwafi iri ɗaya sak. Okid mai takalmi yana da taurin kai a wannan fanni, don haka hanyar da aka saba bi wajen samun kwafin tsiro mai kyau ita ce a jira ya yi 'ya'ya a gindi a raba shi, kamar yadda ake raba ayaba. Wannan ne ya sa tsiro guda mai suna yake tsada, kuma ya sa jarabar liƙa sunansa a kan wanda ba shi ba take da ƙarfi.

A lokacin da nake karatu a Maleshiya na riƙe tukunya ɗaya ta irin mai fari da kore a tagar ɗakina ta gabas har shekara biyu. Wani dattijo mai gidan rainon furanni a wajen gari, wanda nake kira Pak Cik, kamar mu ce Kawu, shi ya koya mini kula da shi. Ba a dasa shi a ƙasa, sai a ɓawon itace da gawayi, don ruwa ya riƙa wucewa. Ba shi da rumbun ajiye ruwa a gindi irin na wasu okid, saboda haka bai kamata ya bushe ƙayau ba, kuma idan ya kwana cikin ruwa saiwarsa ta ruɓe. Ruwan sama ya fi masa na famfo, taki kaɗan-kaɗan, rana kuma ta safe kawai. Kowane reshe sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, amma furen yakan yi wata guda da rabi ko fiye bai yi yaushi ba. Wata rana na tambaye shi yadda ake gane zabiya tun ba ta yi fure ba. Ya juya ganyen ya nuna mini gindinsa ya ce, "Ustaz, idan babu ɗigon shunayya a nan, alama ce, amma alama ba shaida ba ce. Shaida tana kan wannan." Sai ya taɓa guntun robar da ke gefen tukunya.

Nahawun sunaye

Ga wanda ya yi karatun nahawu, tsarin sunayen nan yana da daɗin bi. Sunan nau'in da aka samu a daji kalmomi biyu ne na Latin, na gida da na nau'i. Idan ka ga suna ya ƙare da -ense, to nisba ce ga wuri, kamar yadda muke cewa Bakano ko Bakatsine, misali vietnamense, wato na Biyetnam. Idan ya ƙare da -ii, jingina shi aka yi ga wani namiji, idan kuma da -ae ne, sau da yawa ga mace aka jingina shi. Sifa kuma dole ta bi abin sifantawa a jinsi. Shi ya sa farar Cattleya ake ce mata alba, amma farin Paphiopedilum sai a ce album, duk da cewa a bakin 'yan kasuwa alba ta zama sunan kowace zabiya. Masu tsantseni ma sun ce kada a ce album sai ga fari tas, mai fari da kore a ce alboviride, mai rawaya a ce flavum ko aureum. Kafin sabon suna ya karɓu dole a wallafa bayanin tsiron, a kuma ajiye busasshen samfurinsa a ma'ajiyar tsirrai don wanda ya yi shakka ya je ya duba, kuma wanda ya riga wallafawa shi ke da suna. A da da Latin kaɗai ake rubuta bayanin, sai daga farkon 2012 aka yarda a rubuta da Ingilishi.

Wanda aka haɗa da hannu kuwa hukuncinsa daban. Okid na farko da ɗan Adam ya haɗa ya yi fure a Ingila a 1856 a hannun John Dominy, kuma shi ne ya fitar da mai takalmi na farko a 1869, aka sa masa Harrisianum don girmama likitan da ya nuna masa yadda ake barbarar. Duk 'ya'yan da suka fito daga haɗin iyaye biyu suna ɗaukar suna ɗaya na zuri'a, sannan idan ɗaya ya yi fice a ba shi laƙabinsa na kansa. Wannan laƙabi ba ya halatta ga kowa sai shi da abin da aka raba daga jikinsa. 'Ya'yan da aka samu daga irinsa ba su gajensa, ko da shi aka haɗa da kansa. Gidan Sander na Ingila ne ya daɗe yana riƙe da kundin waɗannan haɗe-haɗe, sai a 1961 ƙungiyar masu lambu ta masarautar Ingila, wato RHS, ta karɓi aikin, kuma har yau ita ke yi wa duniya rajista. Wanda ya buɗe kundin zai iya bin nasabar fure uwa da uba har ya dangana da kakannin da aka ciro daga daji, kusan yadda ɗalibin hadisi yake bin isnadi.

Tarihin zabiyoyin farko yana nuna amfanin wannan tsantseni. A 1888, a cikin tarin tsirran insigne da aka kwaso daga arewa maso gabashin Indiya zuwa gidan Frederick Sander a garin St Albans, ɗaya ya yi fure rawaya, aka sa masa sanderae da sunan matarsa. Amma wanda ya ƙura ido zai ga 'yan ɗigo masu ruwan ƙasa a saman furen, wato bai cika zabiya ba. Wani daban da ake kira sanderianum shi ne wanda ba shi da ɗigo. Haruffa kaɗan ne tsakanin sunayen biyu, amma ga mai haɗa iri tazarar ta shekaru ce. A 1900 kuma gidan Charlesworth ya fitar da Maudiae daga haɗin zabiyar callosum da zabiyar lawrenceanum, 'ya'yan suka fito fari da kore, domin iyayen a mataki ɗaya suke da tangarɗa. Yawancin masu fari da kore da ake sayarwa a yau, har da wanda na raina, daga wannan salsala suke.

Inda son suna yake kai mutum

Ba kullum ake riƙe amanar nan ba. Lokacin da rothschildianum ya shigo Turai, aka raɗa masa suna a 1888, gidan Sander ya ce daga Niyu Gini ya fito don ya ɓatar da abokan gasa, alhali mazauninsa dutsen Kinabalu ne a tsibirin Borniyo. A shekarar 2002 wani Ba'amurke ya sayi wani sabon Phragmipedium mai ƙaton fure a bakin hanya a arewacin Peru, ya shigo da shi Amurka ba da izinin da doka ta tanada ba, ya kai lambun bincike na Marie Selby a jihar Fulorida. Cikin 'yan kwanaki aka wallafa shi da sunan kovachii, wato da sunan mutumin, aka riga wani masani da ya shirya kiransa peruvianum, da sunan ƙasar da ya fito. A 2004 kotu ta ci tarar lambun dala 5,000, shi kuma dala 1,000 da sa ido na shekara biyu. Sunan dai ya zauna saboda ƙa'idar riga wallafawa, amma wuraren da aka fara ganin furen an kwashe su.

A Asiya ma haka abin yake. An bayyana vietnamense a 1999, cikin 'yan shekaru ya kusa ƙarewa a daji. An bayyana canhii a 2010, kafin shekara ta zagayo an tsince kusan dukkansa daga inda aka fara ganinsa. Wannan kuwa duk da cewa tun 1990 yarjejeniyar CITES ta sa dukkan Paphiopedilum a rukuninta na farko, wanda ya hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. A 2015 ƙungiyar IUCN ta tantance nau'i 84 na Asiya, ta sami kashi 99 cikin ɗari suna fuskantar barazanar ƙarewa. Idan mai karatu ya tuna cewa zabiyar Sander a cikin tarin da aka tumɓuke ta ɓullo, zai gane abin da neman ɗaya a cikin dubu yake jawo wa sauran 999.

Dattijon nan ya taɓa nuna mini yadda ake gane tsiron da aka ciro daga daji a kasuwa: saiwoyi a kakkarye, ganye da cizon ƙwari da tabon gansakuka, girman kowanne daban, kuma babu sunan iyaye. Na kwalba kuwa ganyensu sumul, girmansu ɗaya, nasabarsu a rubuce. Ya ce duk wanda ya ƙi sayen marar nasaba ya rage wa mai tumɓuka ciniki guda. Da zan dawo gida, a wurinsa na bar tukunyata tare da guntun robarta, domin fitar da ita sai da takardun izini, kuma zafin bazararmu da bushewar hunturu ba abokan zamanta ba ne.

Kammalawa

Mai karatu, wataƙila ba za ka taɓa riƙe wannan fure a hannunka ba, amma hotunansa da tallansa suna yawo a intanet, kuma ɗabi'ar da take bayan cinikinsa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ana son abin da ba kowa ke da shi ba, ana kuma son a ji sunan mutum a jikin abu. A wannan harka waɗanda suka yi aikin da ya ɗore su ne masu rubuta sunan uwa da uba ranar barbara, su jira shekara biyar, idan 'ya'yan sun fito da ɗigo su ce da ɗigo suka fito. Da irin rubutunsu ne zabiyar da a 1900 sai attajirai suke mallaka ta zama abin da ɗalibi zai iya ajiyewa a taga, ba tare da an sake hawa dutse an tumɓuke ko ɗaya ba. Duk wanda Allah ya nufa da sayen irin wannan tsiro wata rana, ya fara tambayar sunan iyayensa, ya kuma adana guntun robar kamar yadda zai adana furen.